Tsawon Kifi Da Nauyinsa

Alhazan da suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda a jirgin ruwa sun san duwatsun murjani, waɗanda matuƙa jirgi ke tsoro ƙwarai. Tsoffin gidajen Suwakin ma da irin wannan dutse aka gina su. To, a cikin ramukan duwatsun nan akwai waɗansu kifaye ƙanana, da yawansu ba su kai santimita 5 ba, watau ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Akwai wani a tekun Ostareliya wanda aka tarar a 2005 ba ya wuce kwana 59 a duniya. Ba mai kai su kasuwa, amma wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na naman kifin da manyan kifaye ke ci a wurin daga waɗannan 'yan mitsi-mitsi yake fitowa.

Masana suna son su san nauyin kifin da ke wurin, ga shi kuwa ba a shiga ƙarƙashin ruwa da sikeli. Sai mai nutso ya ƙiyasta tsawon kowane kifi da ido, ya rubuta a ɗan allo, in ya fito a mai da tsawon ya zama nauyi ta hanyar lissafi. Wannan lissafi shi ne ya shafe mu, domin karfasar Tafkin Chadi da tarwaɗar Kainji duk hukuncinsu ɗaya ne da na kifin teku.

Ga yadda abin yake. Kifi ba a tsawo kaɗai yake girma ba, har da faɗi da kauri. Saboda haka in tsawonsa ya ninka sau biyu, nauyinsa sau takwas zai ninka, watau biyu sau biyu sau biyu. Ku ɗauki karfasa mai santimita 10, a ce nauyinta giram 20. In ta kai santimita 20 za ta yi wajen giram 160, in ta kai 30 kuwa ta haura rabin kilo. Ana kiran wannan awo da sunan Fulton, wani masanin kifi na Sikotilan wanda ya yi rubutu a kan girman kifaye a 1904.

Amma fa kowane iri da tasa siffa. Tarwaɗa doguwa ce siririya, mai santimita 30 ba ta cika wuce giram 200 da yawa ba, alhali karfasa mai wannan tsawo ta ninka ta. Har wa yau, a 1951 wani Bature, Le Cren, ya auna kifayen tafkin Windermere a Ingila, ya nuna kifi ɗaya ma nauyinsa yana hawa da sauka bisa ga lokacin shekara, musamman sa'ad da mace ke ɗauke da ƙwai. Ga ƙananan kifayen murjani kuwa aikin ya fi wuya, domin ɗigon ruwan da ya maƙale a jikinsu ma yana iya ɓata awo.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne, kuskure kaɗan a tsawo babba ne a nauyi. In mutum ya ƙara wa kifi kashi ɗaya cikin goma na tsawonsa, ya ƙara masa kusan sulusin nauyinsa ke nan. Wanda ke sayen kwando da ido a bakin ruwa ya sayar da kilo a birni, nan ne uwar kuɗinsa ke zurarewa bai sani ba.

Masunta masu taru mai ƙananan idanu su ma su yi wannan lissafi. Sai an tara karfasa takwas masu santimita 10 kafin su yi nauyin guda ɗaya mai santimita 20, takwas ɗin nan kuwa yawancinsu ba su kai ga yin ƙwai ba. A ganinmu wannan ba su ba ne, ɓarna ce.

Mai kiwon kifi a tafki kuma, kowane mako biyu ya kamo kamar guda ashirin, ya auna tsawo da nauyi, ya rubuta a littafi. In ya ga tsawo yana nan amma nauyi ya kasa abin da ya saba gani, to, ya duba abinci, ya duba ruwa, ya kuma duba ko kifayen sun yi wa tafkin yawa.