Kare Igiya da Yadi Daga Danshi da Ruɓewa

Igiyar rama da yadin auduga daga tsiro aka samo su, shi ya sa danshi yake babban abokin gabarsu. Idan suka jiƙe suka daɗe ba su bushe ba, fumfuna da ƙananan ƙwayoyin halitta sukan cinye zaren har ya tsinke.

Matuƙan jiragen ruwa na Turai sun daɗe da sanin wannan. A da sukan shafe igiyoyinsu da wata baƙar kwalta da ake samu ta hanyar gasa itace a hankali, wadda ta yi suna da kwaltar Stockholm saboda daga tashar wannan birni na Suwidin ake fitar da ita. Kwaltar tana ɗan rage ƙarfin igiya, amma tana tsawaita rayuwarta sosai.

Masunta kuwa a da sukan tsoma taru da filafilan jirgi cikin tafasasshen ruwan ɓawon itace. Sinadarin da ke cikinsa dangin wanda ke cikin bagaruwa ne, wadda majema ke jeme fata da ita, kuma yana hana ƙwayoyin ruɓewa sakewa.

A 1823 Charles Macintosh na Sikotilan ya narkar da roba ya manna ta tsakanin yadi biyu, aka samu rigar ruwa. Nailan, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1935, ba ya ruɓewa, sai dai hasken rana yana raunana shi. Kowace iri ce, igiya tana ƙarko idan aka shanya ta ta bushe sarai, sannan aka rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa.