Tsohuwar Golf da ginin ƙasa

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin gini ba ya ƙarewa ranar da magini ya sauko daga kan katanga. Kowace shekara in an kai amfanin gona gida, rani ya shigo, sai maigida ya zagaya ya duba inda damina ta ci: gindin bangon da ruwa ya zaizaye, bakin indararon da ya tsage, azarar da gara ta fara shiga. A kwaɓa ƙasa, a bar ta ta kwana, a yi yaɓe. Sifawa ta daɗe da sanin wannan aiki, don tsohon gari ne. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi yana kusa da shi a Boɗinga, kuma har yau ginin ƙasa bai bar unguwannin garin ba. Ni a ganina ƙananan tsofaffin motocin nan da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da Boɗinga da Shagari har Tambuwal irin wannan riƙon suke so, kuma yawancin wahalar da ake sha da su ta rashin samunsa ce.

Golf nake nufi, mai guntun baya, wadda murfin but ɗinta ke ɗagawa sama tare da gilashi. Kamfanin Volkswagen ya ƙera samfurin da ake kira Golf 3 daga 1991 zuwa 1997, ke nan ƙaramar cikinsu ma ta doshi shekara talatin. Akasarinsu sai da suka gama aiki a Turai sannan aka sauke su a Kwatano, suka biyo hanya zuwa arewa. Abin da ya sa talaka ke son ta shi ne abin da ya sa yake son ginin ƙasa: kayan gyaranta ba su da nisa, kuma da wuya ka rasa wanda ya iya. Kusan kowane bakanike na bakin titi ya san cikinta, abin da babu a Boɗinga ana samunsa cikin birnin Sakkwato, wanda ya gagara a aika Ƙofar Ruwa a Kano.

Babban abokin gaban su biyun ruwa ne, sai dai gida shigarsa yake tsoro, mota kuwa fitarsa. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, ga motar da aka tsara don ƙasar sanyi, ga lodi. A jikin injin Golf akwai wani bututun roba mai tauri inda tiyon ruwa ke haɗuwa da kan inji. In ya tsufa yakan tsage siririyar tsagewa, ruwa ya riƙa tsattsafowa yana bushewa nan take, ba ka ganin ɗigo a ƙasa, sai farin tabo a gefen ƙarfe. Direba ya ga ruwa ya ragu, ya ɗebo na rijiya ya cika. Gobe ma haka. Ruwan rijiya kuwa yana barin dauɗa da tsatsa a ƙananan hanyoyin lagireto har su toshe, allurar zafi ta fara hawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuma da an canza bututun tun farko, kuɗinta bai kai na man kwana biyu ba.

A nan ne ake yin aikin da ya fi damuna. Akwai masu gidan ƙasa da suka gaji da yaɓen shekara-shekara, sai su sayo siminti su shafe bangon. Shekarar farko gida ya yi kyau. Amma siminti ba ya kama ƙasa da gaske. Ruwa ya samu kafa daga sama ya shiga tsakaninsu, ya rasa hanyar fita, ƙasa ta riƙa narkewa a ɓoye. In ka ƙwanƙwasa da yatsa za ka ji holoƙo, wata rana kuma ɓawon simintin ya ɓantaro gaba ɗaya, ka tarar bango ya cinye rabi. Mutanen da can da makuba suke shafe bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana korar ruwa amma tana barin bango ya sha iska.

Simintin mota shi ne a ce, "Maigida, a cire tamostat, a haɗa fanka dairek, ka huta." Tamostat ɗin nan ƙaramar ƙofa ce da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, ta buɗe wajen digiri 87, ita kuma fanka tana da makunninta da ke tayar da ita in zafi ya kai. In an cire wannan, an haɗa waccan ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota har kashe ta, allura za ta sauka, mai mota ya yi murna. Amma lagireton da ya toshe yana nan a toshe. Da asubar hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa, sai shan mai ya ƙaru, ringi ya riƙa cinyewa. Fankar da ba ta hutawa kuma ranar da ta ƙone ba ta sallama.

Abin da ke biyo baya ana ganinsa a kowane gareji. Bakanike ya jira inji ya huce, ya buɗe murfin robar ruwa, ya ce wa yaronsa ya ba motar wuta. Sai kumfa ta riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance murfin baƙin mai ya juya shi, ga wani fari-fari mai kauri ya manne a ciki. Ya goge yatsa a tsumma ya ce, "Alhaji, gaskit ya tafi." Kan injin Golf na alminiyam ne, gangar jikinsa kuwa baƙin ƙarfe, in zafi ya wuce kima kan yakan lanƙwashe. Don haka canza gaskit kaɗai ba ya isa, sai an kai kan wurin masu injin gogewa an daidaita shi. Wanda ya tsallake wannan don sauƙi, kafin wata uku ya dawo.

Ƙafar mota ma haka take, ƙaramin abu ke jawo babba. A bakin shaf akwai roba mai nannaɗe da ke riƙe giris. In ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da aka karya kwana. Robar ba ta da tsada, shaf kuwa yana da ita. Bushin na baya da shokazoba lodi ne ke kashe su, domin motar mutum biyar ce, amma ranar kasuwa za ka ga biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan albasa da igiya. Ba na zargin direba, na san abin da yake kai wa mai mota da yamma. Amma azara tana da iyakar ƙasar da za ta ɗauka.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wata cuta ta ƙaru. Mutane sun koma sayen lita biyu, lita uku, wani lokaci a galan a bakin hanya. Famfon man Golf 3 a cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi. In kullum tanki a ƙasa yake, famfo ya yi zafi, ya tsotso laka, nozul ya toshe, mota ta fara shiƙa a kan hawa. Da yawa a nan suke yanke shawarar cire injekta a sa kafireto, don kowa ya iya kwance kafireto ya hure shi. Na fahimci dalilin, a ƙauyen da babu mai na'urar gwaji. Sai dai sau da yawa matatar mai ce kawai ta cika da datti, ko kwayil ne ke yankewa in ya yi zafi, an kuwa sauya wa mota tsari gaba ɗaya, ta koma shan mai fiye da da.

Wuri ɗaya ne mota ta saɓa da gida, kuma wurin ba na wasa ba ne. Ɗakin da zai faɗi yakan yi kwanaki yana zubar da ƙasa, a kwashe yara a koma wani. Bal-joyin da ya yi sako-sako, ko tayar da aka saya ta hannu ta riga ta tsattsage, ko tiyon birkin da aka ɗaure da waya, waɗannan a guje suke saki, da mutum bakwai a ciki, a titin da manyan motoci ke bi zuwa Jega. Ana iya lallaɓa ƙofar da ba ta buɗuwa sai daga waje, ana iya haƙuri da gilashin da aka tokare da sukundireba. Birki da sitiyari da taya ba a bin su bashi.

Lokacin yaɓen mota ma kusan ɗaya ne da na gida. Bayan kaka akwai ɗan kuɗi a hannu, zafi bai iso ba. Nan ne ya dace a sauke lagireto a wanke, a canza tiyon da ya kumbura, a mayar da tamostat da makunnin fanka, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon na rijiya. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska, sai a riƙa kakkaɓe ta, in ta yage a sayi wata, kada a bar inji yana shaƙar yashi. A duba taimin bel ko ya fara tsagewa, a sa motar kan rami a girgiza kowace taya da hannu a ji ko akwai wasa. Duk wannan ya kamata a gama shi kafin ƙarshen Fabrairu, don daga Maris layin masu gaskit ne ke cika gareji.