Hatsi A Cikin Tankin Mota

Tun da Larabawa suka tsuke bakin famfon mai a 1973, farashinsa ya ninka har kusan sau huɗu, ƙasashe ke neman abin da zai maye gurbin fetur. A 1975 Gwamnatin Brazil ta ƙaddamar da shirin tatso man mota daga rake. Amurka kuwa masara ta kama, ta yi doka a 2005 wadda ta tilasta gauraya wannan mai da fetur, ta ƙara ƙarfafa ta a 2007, har ya zama fiye da sulusin masarar da take nomawa can take tafiya.

Yadda ake yi shi ne a niƙa hatsin, a jiƙa, a sa masa yisti ya tsima, sa'an nan a tace. Abin da ke fita, watau itanol, barasa ce tsagwaronta. Nan ne 'yan'uwa da yawa ke tsayawa suna tambaya, shin ya halatta? Mu a ganinmu wannan ce ƙaramar mas'ala, gama ba don sha aka yi ta ba, har ma a Amurka akan zuba mata fetur don kada ta shawu.

Babbar mas'alar ita ce cikin talaka. A watan Janairu na 2007 dubban mutane suka fita zanga-zanga a birnin Meziko saboda tsadar wainar masara, wadda ita ce tuwonsu. Gaskiya ne akwai fari da tsadar mai cikin dalilan tsadar abinci ta 2007 da 2008, kuma dusar da ta rage tana komawa ga dabbobi. Amma fa mai mota da mai yunwa in suka haɗu a kan buhu guda, mun san wanda zai fi taya shi.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ce ba mai ɓoye kaya don su yi tsada sai mai saɓo. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ba shugaba ikon tilasta wa mai hatsi ya fito da shi kasuwa idan jama'a suka matsu. To, wanda aka ɓoye ma yana nan a rumbu, ina ga wanda aka ƙone?

Nijeriya ma ta fito da irin wannan manufa a 2007, da niyyar amfani da rogo da rake. Saboda haka ɗan kasuwar Dawanau da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar ba da fili, tambayar na iya iske kowannensu. Shekarar da aka yi yabanya mai kyau, rarar ba laifi a sayar wa masana'anta, bayan an fid da zakka. Shekarar fari kuwa, rogon gari ne.