Wayarka Na Ƙirga Taku, Amma Takun Wa Ta Koya?

Duk mai kai saƙon da ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka ya nausa lungunan Kwarbai ya san wannan matsala: shuɗin ɗigon taswirar waya sai ya yi tsalle ya faɗa gidan maƙwabta. Nan take a ɗora wa kamfanin layi laifi, ko a ce data ta ƙare. Galibi babu ruwan data. Siginar GPS daga taurarin ɗan'adam take saukowa, nisan kilomita kusan 20,000, kuma sai waya ta ji aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Siginar da ta iso a galabaice, ina za ta iya da kaurin katangar zaure da rufin kwano?

Shi ya sa masu bincike suka koma kan ƙafa. A cikin waya akwai ƙananan na'urori masu jin girgiza da juyawa. Idan an san inda ka tashi, da inda ka fuskanta, da yawan takunka, saura abu ɗaya: tsawon kowane taku. A nan gizo ke saƙa. Takun babban mutum kusan santimita 70 ne, amma kuskuren santimita 5 kacal, a taku 1,000 ya zama mita 50. Kamar mudun da ya gaza da ɗan kaɗan ne: a awo ɗaya ba a gani, sai an cika buhu.

A da, lissafi guda ake yi wa kowa, irin wanda wani mai suna Harvey Weinberg ya fitar a 2002. Yanzu kwamfuta ake koya wa. A sa mutane su yi ta tafiya, ana auna ainihin takunsu ana haɗawa da girgizar wayoyinsu, har ta iya kintata tsawon taku da kanta.

To, abin da aka nuna mata shi ta sani. Wadda ta koyi tafiyar ɗalibai kan shimfiɗaɗɗen daɓe za ta rikice da dattijo mai sanda, da mai goyo tana tsallake kwata, da wayar da ke lilo a aljihun babbar riga.

Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru tun 1962. Ya kamata injiniyoyinta su shigo birni su auna tafiyar jama'a, da yardarsu. Hukuma kuwa kada ta jira kwamfuta: ta sa wa lunguna suna, ta buga wa gidaje lamba, don motar asibiti ta daina tambayar hanya.