Me Ya Sa Albashin Mata Bai Kamo Na Maza Ba a Finlan?

In aka ce ka ambaci ƙasar da mata suka yi nisa a siyasa, da wuya ka tsallake Finlan. Tun 1906 matan ƙasar suka samu 'yancin jefa ƙuri'a da tsayawa takara, a zaɓen 1907 kuma mata 19 suka shiga majalisa mai kujeru 200. Tarja Halonen ta shugabanci ƙasar daga 2000 zuwa 2012. A boko ma mata ne gaba, don sun fi maza yawa cikin masu kammala jami'a.

Amma fa leƙa aljihu. In namiji ya karɓi yuro 100, mace na karɓar kusan 84 ne a matsakaici. To, daga ina wannan giɓi, alhali doka ta hana nuna bambanci a albashi?

Babban dalili shi ne rabon sana'o'i. Mata sun cika aikin jinya, koyarwa da kula da tsofaffi, inda albashi ke ƙasa. Maza kuwa sun mamaye gine-gine, injiniyanci da masana'antu.

Dalili na biyu reno ne. Uwa ce ta fi ɗaukar dogon hutun haihuwa, ƙarin girma a wurin aiki sai ya wuce ta. Shi ya sa a 2022 aka sake tsari: uwa kwana 160, uba kwana 160, kowanne na iya bar wa ɗayan har kwana 63.

Ka ga ke nan, kujera a majalisa kaɗai ba ta daidaita albashi. Sai an taɓo wa ke wane aiki, da wa ke zama da jariri a gida.