Zarto da guduma sun shiga gidajen ma'aikata a Tawa

A birnin Tawa, ranar Lahadi da hantsi, ba abin mamaki ba ne mutum ya ji ƙarar zarto daga gidan malamin lakkol ko na akawu. Mai gidan ya tuɓe riga, ya soke fensir a kunne, yana fama da katako domin ya fid da benci ko teburin karatun yara.

Matsi na daga cikin abin da ya kawo haka. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada, ga albashi a shekarun nan yana yin watanni bai fito ba. Wanda ya saba aika wa kafinta sai ya fara tambayar kansa ko hannunsa ba zai iya ba.

Sassaƙa dai tsohuwar sana'a ce a ƙasar Adar. Da gizago masassaƙi yake fid da turmi daga kirya, allo da ƙota daga aduwa. Amma aikin kafinta daban ne: yana son katako shimfiɗaɗɗe, shi kuwa dajin Adar ba ya bayar da irinsa. Daga kudu motoci suke kawo shi, galibi ta Ƙwanni, kowane shinge da kuɗin mota suna hawa kan farashinsa. Saboda haka kuskuren santimita biyu a wurin yanka hasara ce ta gaske, kuma a nan ne sabon shiga yake gane cewa ladan kafinta ba cuta ba ne.

Wanda ya ce zai kauce wa tsada ya shiga daji da gatari, to ya san da ma'aikatan gandun daji. Dokar daji ta 2004 ta tsare itatuwa irin su gawo, ba a sare su sai da izini. Ko babu doka ma, mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ƙasa take zama in itace ya ƙare. Tun 1975 aka soma dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska, a 1984 kuma aka buɗe aikin Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, aka dasa miliyoyin itatuwa. Bedin nan yana ba da sanduna da ƙafafun kujera, ga shi gara ba ta cika son ɗacinsa ba.

Abokan gabar mai koyo biyu ne, gara da hunturu. Katakon da ya taso daga ƙasa mai laima, in aka haɗa shi ɗanye, iskar Disamba za ta tsage shi, ƙofa ta karkace ta ƙi rufuwa. Masu sana'a sukan jingine shi a inuwa makonni kafin su taɓa shi, su shafa baƙin man mota a ƙafafun da za su zauna a ƙasa.

Kafintocin gari ba su da abin tsoro. Benci kowa yana iya bugawa, amma gadon amarya har gobe wurinsu ake zuwa, domin ba uban da zai yarda dangin ango su ga kayan ɗiyarsa suna rawa ranar jere.