Idan alƙalami ya cije: yadda na fita daga babi na bakwai

Wata goma sha huɗu littafina na farko ya yi yana tsaye a babi na bakwai. Jarumar labarin, wata malamar firamare da ta karɓi canjin wurin aiki zuwa ƙauye, ta sauka daga mota a tasha riƙe da jakarta, kuma a nan na bar ta. Kullum idan na taso daga ofis, na sha cunkoson hanyar Nyanya zuwa Mararaba, sai in buɗe kwamfuta da dare, in karanta abin da na rubuta, in sauya kalma biyu ko uku, in rufe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tace rubutun wasu ita ce sana'ata. A rana guda nakan gyara labarai fiye da goma, amma na kasa ƙara shafi ɗaya a nawa.

Matsalar tsohuwa ce, kuma ba ta tsoron girman suna. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Ostiriya, Edmund Bergler, shi ya raɗa mata suna da Turanci a 1947. Ralph Ellison, baƙar fatar Amurka da littafinsa na farko, Invisible Man, ya fito a 1952 ya kuma ci babbar lambar yabo ta ƙasarsa a shekarar da ta biyo baya, ya shafe kusan shekara 40 yana fama da na biyu. Gobara ta cinye wani sashe na rubutun a 1967, ya ci gaba da tara shafuka har fiye da 2,000, ya rasu a 1994 bai kammala ba. Labarinsa ya nuna cewa cijewar alƙalami ba lallai ta zama rashin rubutu ba. Mutum na iya yin rubutu kullum, labarin kuwa yana nan inda yake.

Edita da marubuci a kujera ɗaya

Abu na farko da na gano shi ne, ina aiki biyu a lokaci guda. Kafin jimla ta kai ƙarshe, idon edita ya riga ya hau kanta: wannan kalma ta maimaitu, wancan karin magana ya tsufa, wannan sakin layi ya yi tsawo. A ɗakin labarai wannan ɗabi'a ce ke ciyar da ni. A rubutun ƙagaggen labari kuwa, ita ta daƙile ni, domin ginin da ba a ɗora ba, babu abin da za a yi wa yaɓe.

Sai na bar kwamfuta, na sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Na kafa wa kaina doka biyu: ba gogewa, ba komawa shafin jiya. Marubucin Ingila Graham Greene ya shahara da tsayawa a kan kalma 500 kowace rana. Ni na ɗauki 300, da asuba kafin in fita neman mota. Mafi yawan abin da na rubuta a makonnin farko bai cancanci a nuna wa kowa ba, amma hannuna ya saki.

Darasin 1933

Abu na biyu na same shi ne a tarihin adabinmu. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Katsina. Babu wani littafin ƙagaggen labari na Hausa a gabansu da za su kwaikwaya, amma suna da abu biyu da ni ba ni da su: ranar rufe karɓa, da sanin wanda zai karanta.

A 1936 Imam ya zauna a Zariya na kimanin wata shida, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Bai jira labarin da ba a taɓa ji ba a duniya. Ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya sa musu rigar Hausa, ya ɗora su a bakin aku. Ni kuwa na zauna ina neman littafin da zai burge malaman da suka koya mini adabin Turanci a jami'a, mutanen da wasunsu ba su ma jin Hausa. Da na sa wa kaina wa'adi, na kuma ƙudurta cewa ƙanwata da ke karanta littattafan Hausa a wayarta ita nake yi wa labarin, rabin nauyin ya sauka.

Muryar da ta dace

Duk da haka malamar tana nan a tasha. Ina rubuta abin da ya faru kafin tafiyarta da abin da zai faru bayan shekaru, amma babi na bakwai ya ƙi motsi.

Gabriel Garcia Marquez na Kolambiya ya daɗe yana ɗauke da labarin wani gida da zuri'arsa, ya gwada rubutawa tun yana saurayi, abin bai yiwu ba. A 1965, yana tuƙa iyalinsa zuwa Akapulko a ƙasar Meziko, ya gane abin da ya rasa: ya kamata ya ba da labarin kamar yadda kakarsa take ba da labarin abubuwan al'ajabi, ba tare da fuskarta ta canja ba. Ya koma gida ya rufe kansa wata 18, matarsa Mercedes tana cin bashi tana jinginar da kayan gida. Littafin da aka sani da One Hundred Years of Solitude ya fito a 1967, shi kuma ya karɓi lambar Nobel a 1982.

Tawa matsalar muryar ta fi wannan sauƙin ganewa. Da na karanta babukan farko da ƙarfi, na ji cewa da Turanci nake tunanin jimlolin, sannan in juya su. Kalmomin Hausa ne, ƙashin kuwa na wani harshe ne, shi ya sa mutanen labarin suke magana kamar masu karanta sanarwar gwamnati. Don haka da na je gida hutu, na zauna gaban gwaggona, na kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, na fara ba ta labarin da baki tun daga farko. Ta yi shiru tana tsince shinkafa har na kai tasha. Sai ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, mace da aikinta a gari, me ya kore ta har ta yarda da ƙauye? Wa ta gudo ta bari?"

Ba ni da amsa. Wata goma sha huɗu ina zargin kasala da gajiyar aiki da rashin wutar lantarki, ashe ban san dalilin tafiyar jarumata ba. Wanda bai san abin da ya fito da mutum daga gida ba, ba zai san inda zai nufa daga tasha ba. Na shafe mako biyu ina rubuta tarihinta a wani littafi daban: aurenta, bashin mahaifinta, 'yar da ta bari wurin kishiyar uwa. Kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya shiga labarin, amma shi ya buɗe hanya.

Kada a zauna shi kaɗai

Mai rubutu a Abuja yana da inda zai kai kukansa. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi da ke zaman karatu, tana kuma da ƙauyen marubuta mai sunan Mamman Vatsa a Mpape. A Iseyin ta Jihar Oyo akwai gidan Ebedi, wanda Wale Okediran ya buɗe a 2010, inda marubuta kan keɓe na wasu makonni don su ƙarasa aiki. Sai dai shawarata ita ce a kai wa jama'a tambaya takamaimai, kamar "me ya sa ba ku yarda da wannan matar ba?", domin yabo na gaba ɗaya ba ya motsa babi. Idan kuma cijewar ta zo tare da rashin barci da ƙin abinci da ƙuncin da ya ƙi wucewa, to maganar ta wuce ta adabi, likita ya kamata a gani.

Wata tara bayan tambayar gwaggo na sa aya a babi na 23. Rubutun yana cike da maimaici da ramuka, akwai ma wani mutum da sunansa ya canja a tsakiya ban lura ba. Yanzu na maido da shi kan kwamfuta, na ba edita kujerarsa, kuma a makon jiya na yanke shafi goma sha ɗaya daga babi na biyu.